Hukuncin fatar baki a ƙarshen shiri: gyara ne ko munafunci?

Sarkin_Kallo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da tsoffin shirye-shiryen talabijin na Amurka, irin waɗanda kowane mako sabon labari ne da sababbin 'yan wasa, mai gabatarwa ne kaɗai ba ya sauyawa. Ina nufin Alfred Hitchcock Presents da aka fara a 1955, da The Twilight Zone na Rod Serling da aka fara a 1959.

Ku ɗauki labarin cinyar rago na 1958, wanda Roald Dahl ya rubuta, Hitchcock ya ba da umarni da kansa. Mary Maloney tana da juna biyu, mijinta ɗan sanda ya dawo daga aiki ya ce zai rabu da ita. Ta ɗauko cinyar rago daskararriya daga firiza ta kwaɗa masa a ƙeya, ya faɗi ko shurawa bai yi ba. Ta sa naman a wuta. Abokan aikinsa suka zo bincike, suka birkice gidan suna neman makamin, ita kuwa ta lallaɓe su suka zauna suka cinye shi. Hoton ƙarshe ita ce zaune tana dariya. Sai ga Hitchcock, mai gabatar da shirin, ya fito ya ce ai daga baya asirinta ya tonu, domin ta gwada yi wa miji na biyu haka, shi kuma ya manta bai jona firiza ba, naman ya yi laushi.

Tambayata ita ce: ka shafe kusan rabin awa kana sa zuciyata ta bi bayan mai kisa, sannan ka zo da jimla biyu ka ce an hukunta ta, ba tare da na ga hukuncin ba. Wannan ba munafunci ba ne?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Munafunci ne tsagwaronsa, Malam. Abin da ido ya gani shi ke zama a zuciya. Na kalli wannan kashin tare da ƙanwata, da aka gama ba wadda ta tuna maganar miji na biyu, dariyar matar ce ta biyo mu.

Dalibin_Lauya:
Kafin a yanke masa hukunci a san cewa ba son ransa ba ne. A 1952 ƙungiyar masu gidajen rediyo da talabijin ta Amurka ta kafa wa kanta ƙa'idoji. Daga ciki akwai cewa kada a nuna aikata laifi a matsayin abin sha'awa, kada a sa mai kallo ya tausaya wa laifin, kuma a nuna jami'an tsaro cikin mutunci. Ba gwamnati ce ta kafa ba, su da kansu ne, don gudun kada majalisa ta kafa musu wadda ta fi tsanani. A lokacin, tashar da ta bi ƙa'idar tana nuna tambarin shaida a allo. Finafinan silima ma a lokacin suna da irin tasu tun 1930, aka fara tsananta ta a 1934.

To ka ga labarin da 'yan sanda suka cinye hujja da bakinsu ya taka kusan duk waɗannan. Hanya biyu ce a gabansa: ko ya lalata ƙarshen labarin a kama matar a gaban kyamara, ko ya bar labarin yadda yake ya biya harajin da baki. Ya zaɓi ta biyu.

Maman_Ilham:
Ɗana, ai ka ƙara ƙarfafa maganata ne. Dokar ta ce kada a yi, ya yi, sannan ya shafa mata mai a baki.

Bakatsine77:
Ni ban ga munafunci a wurin Hitchcock ba. Munafuki shi ne mai ɓoye abin da ke ransa ya nuna wani. Shi kuwa bai taɓa ɓoyewa ba. Tun kashin farko, na 2 ga Oktoba 1955, wanda wani mutum ya kashe baƙo saboda matarsa ta nuna shi ta ce shi ne ya far mata, daga baya ta sake nuna wani ta ce shi ne, da Hitchcock ya fito sai ya jero cewa an kama mijin, an gurfanar da shi, an ɗaure shi, sannan ya ce laifi ba ya biya ko a talabijin, sai kana da mai ɗaukar nauyi. Ya gaya wa kowa ƙarara cewa wannan hukuncin don masu talla aka yi shi. Idan akwai munafuki a nan, kamfanin ne da ke cin ribar miliyoyin masu kallon kisa, yana kuma son a ce shi mai kare tarbiyya ne.

Alƙalami_Ja:
@Bakatsine77 ƙarin bayani: ba Hitchcock ke rubuta waɗannan maganganu na buɗewa da rufewa ba, wani marubuci ne James Allardice, shi ya rubuta su tsawon shekara goma na shirin. Kuma cikin kashi 268 na rabin awa, 17 kawai Hitchcock ya ba da umarni. Wadda ke riƙe da aikin yau da gobe Joan Harrison ce. Saboda haka idan muna cewa "Hitchcock ya ce", mu san cewa fuskarsa da sunansa ne a gaba, amma aikin na mutane da yawa ne.

Dattijo_Damagaram:
Yara, ina bin ku tun ɗazu. Abin da ɗan Katsina ya faɗa bai gamsar da ni ba. Mutum ya yi maka ƙarya yana kashe maka ido don ka san ƙarya ce, ku biyun kun haɗa baki ke nan. Ba a yaudari kowa ba, haka ne, amma an mayar da maganar sakamako abin wasa. Yaron da ke kallo kowane mako abin da zai koya shi ne: hukunci wata magana ce da manya ke faɗa don fita kunya, ba wanda ya yarda da ita. Wannan ya fi mini ciwo a kan a ce an bar matar ta tsira an yi shiru.

Bakatsine77:
Allah ya ƙara girma Baba. Na ji wannan, kuma tana da nauyi. Amma shirin dare ne, ba na yara ba.

Dattijo_Damagaram:
Akwatin talabijin a falo yake, ɗana. Ba ya tambayar shekarun mai kallo.

Yar_Gidan_Malam:
Ni Serling nake so a yi magana a kansa, don shi akasin Hitchcock ne. Shi da gaske yake wa'azinsa, kuma munafuncin mutanen kirki shi ne abin da ya fi tonawa. Ku nemi kashin The Twilight Zone mai suna The Shelter na Satumba 1961. Lokacin rikicin Amurka da Tarayyar Soviet kan birnin Balin ne, Shugaba Kennedy ya yi jawabi a watan Yuli yana maganar tanadin wuraren ɓuya daga bam ɗin nukiliya. A labarin, maƙwabta sun taru gidan wani likita suna bikin zagayowar haihuwarsa, ana yabonsa, ana tsokanarsa a kan ɗakin ɓuya da ya gina a ƙarƙashin gidansa. Sai rediyo ya sanar cewa an hango wasu abubuwa a sama sun nufo ƙasar. Likita ya shige da matarsa da ɗansa ya kulle, domin iska da abincin na mutum uku ne. Mutanen da suka gama cin abincinsa yanzu-yanzu su ne suka dawo suna roƙo, roƙo ya koma zagi, ɗaya ya juya kan wani maƙwabcin yana gorin cewa shi baƙo ne ba ɗan ƙasa na asali ba, har ya doke shi. Ƙarshe suka samo ƙarfe suka ɓalle ƙofar, wato suka lalata ɗakin ga kowa har da su. A daidai lokacin rediyo ya ce taurarin ɗan'adam ne, ba hari ba ne.

Abin da ya girgiza ni shi ne bayan nan. Suna tsaye suna kallon juna, wani na cewa za mu biya kuɗin ƙofa, wani na cewa a haɗa liyafa a manta. Ba a kama kowa ba, ba wanda ya mutu, amma ba wanda zai iya kallon idon ɗan'uwansa gobe. Wannan shi ne hukuncin da na yarda da shi, don daga cikin labarin ya fito.

Sarkin_Kallo:
Malama, kin kawo abin da nake nema. Sai dai shi likitan fa? Shi ma ya rufe ƙofa yana jin muryar maƙwabtansa masu 'ya'ya.

Yar_Gidan_Malam:
Shi ya sa na ce da gaske ne. Labarin bai wanke shi ba, bai kuma kama shi ba. Ya gargaɗe su tun da wuri suka yi masa dariya. Amma in ka tambaye ni ko zan iya jin kukan jariri a bayan ƙofa in ƙi buɗewa, wallahi ban iya ba ka amsa da sauri.

BaGobiri:
Ku yi haƙuri, ba kullum Serling ke adalci ba. Henry Bemis fa, na wani kashin 1959? Ma'aikacin banki ne mai son karatu, matarsa na hana shi, maigidansa na hana shi. Ya shiga ɗakin ajiyar kuɗi lokacin hutun rana don ya yi karatu, bam ya tashi da duniya, ya fito shi kaɗai. Har ya ɗora bindiga a kansa sai ya hango ɗakin karatu. Ya jera littattafan shekaru, ya sunkuya, tabaransa ya faɗi ya fashe. Me ya yi? Wane laifi? Matar da ta zazzane masa littafin waƙoƙi ta mutu farat ɗaya, shi aka bar wa azabar. Idan mai shirin yana nuna mana duniyarsa tana saka wa kowa daidai da aikinsa, wannan zalunci ne.

Maman_Ilham:
Wasu na cewa laifinsa shi ne ya fi son takarda a kan mutane. Duniya ta ƙare, shi murnar samun lokaci yake.

BaGobiri:
Hajiya, mutanen da ke kewaye da shi ai ba su ba shi dalilin son su ba. Kuma ya yi kukan kaɗaici kafin ya ga littattafan.

Alƙalami_Ja:
Ba kowane kashi ne kotu ba. Cikin kashi 156 na The Twilight Zone, Serling ya rubuta 92, wasu hukunci ne, wasu ƙaddara ce kawai. Wannan ma daga gajeren labarin wata marubuciya Lynn Venable aka ɗauko shi. Amma ina so in koma kan maganar @Dalibin_Lauya, don ba za a fahimci dalilin da ya sa Serling ya koma labarin halittun wata duniya ba sai an san abin da aka yi masa a baya.

A Agusta 1955 aka kashe Emmett Till a jihar Misisipi, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da ya je hutu daga Chicago. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka wanke Roy Bryant da J. W. Milam. A Janairu 1956 mutanen biyu suka amsa a mujallar Look cewa su suka kashe shi, sun san ba za a sake gurfanar da su ba. Serling ya rubuta wasa a kan garin da ke kare mai kisa don kawai nasu ne. Ya san ba za a yarda da baƙar fata ba, sai ya mayar da wanda aka kashe tsoho Bayahude. Duk da haka da labari ya fita cewa da Till ake, wasiƙun barazana suka yi ta zuwa wa kamfanin U.S. Steel mai ɗaukar nauyi. Aka ɗauke labarin daga kudu aka kai shi arewa maso gabas, aka mayar da mamacin wani baƙo da ba a faɗi asalinsa ba. Haka aka nuna shi a 1956. Ya sake gwadawa a 1958 a shirin Playhouse 90, aka tura labarin baya zuwa shekarun 1870, aka mayar da yaron ɗan Meziko.

To ku auna. Tashar da ke tilasta a ce an kama matar cinyar rago, don kada a ga laifi ya biya, ita ce ta hana a ambaci laifin gaske da aka yi a gaban duniya, masu shi suka tafi gida har aka biya su kuɗin hira. Tashar CBS ce duka biyun.

Dattijo_Damagaram:
Innalillahi. Wannan ita ce maganar. A nan munafuncin yake zaune.

Dalibin_Lauya:
Akwai wadda ta kai wannan muni. A Afrilu 1959 Playhouse 90 ya nuna wasan Abby Mann a kan shari'ar alƙalan gwamnatin Hitler a Nuremberg ta Jamus. Cikin masu ɗaukar nauyi akwai ƙungiyar kamfanonin iskar gas ta Amurka. Da aka zo maganar yadda aka hallaka mutane da iskar gas a sansanoni, sai aka riƙa ɗauke sauti daidai kalmar gas, kana ganin bakin ɗan wasa na motsi ba ka jin komai. Wasan kansa a kan mutanen da suka yi shiru ne don kare matsayinsu.

Haka Reginald Rose, marubucin wasan Twelve Angry Men. A 1954 ya rubuta wasa daga abin da ya faru a Cicero kusa da Chicago a 1951, inda dubban farare suka far wa gidan da wani tsohon soja baƙar fata ya kama haya. Aka ce masa ya sauya, sai ya mayar da mutumin tsohon ɗan fursuna.

Hajjaju_Kumasi:
Ina karantawa ina tuna tatsuniya. Gizo sau nawa yake cuta ya tsira? Kakanninmu ba su ji dole sai sun kashe shi a ƙarshen kowace tatsuniya ba, kuma ba mu tashi ɓarayi ba. Yara sun san Gizo abin dariya ne, ba abin koyi ba. Ina ganin muna raina hankalin mai kallo.

Maman_Ilham:
Yaya Hajiya, tatsuniya kaka ce ke ba da ita, tana kallon fuskar jikanta, in ta ga ya karkata ta gyara. Kuma Gizo sau da yawa ai yana kwasar kashinsa a hannu. Mai talla ba ya ganin fuskar kowa.

Mai_Kyamara:
Mu da ke harkar fim a nan mun san wannan ciwon. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, kowane mai shiryawa ya san fim ɗinsa zai bi ta gaban masu dubawa, kuma ko ba hukuma akwai idon jama'a. Shi ya sa za ka ga an yi awa biyu ana nuna facaka da gidaje da motoci na mugun mutum, minti biyar na ƙarshe a kawo ciwo ko 'yan sanda ko nadama a kan gadon asibiti. Ban ce tacewa ba ta da amfani ba, ina da 'ya'ya. Amma hukuncin da aka liƙa a wutsiya bai taɓa gyara kowa ba, ko a Kano ko a Amurka. In marubuci ya yarda mugunta na cin mai ita, zai nuna tana cinsa tun daga tsakiyar labari.

Bakatsine77:
Kada mu mayar da Serling waliyyi kuma. Yana fitowa da sigari a hannu yana gaya wa mutane halinsu, a ƙarshen wasu kashin ma shi da bakinsa yake tallar Chesterfield. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka kan sigari da kansar huhu ya fito a Janairu 1964, shirin na kan iska. Shi kansa ya rasu a 1975 yana da shekara 50, ciwon zuciya. Kuma a hirarsa da ɗan jarida Mike Wallace a 1959 ya ce ya gaji da faɗa da masu talla, sabon shirin ba zai taɓo abin da zai jawo rigima ba. Alhali ya san abin da ya shirya yi.

Yar_Gidan_Malam:
Ta sigarin na yarda abin zargi ce. Ta hirar ban yarda ba. Mutumin da aka toshe wa baki sau biyu a kan jinin yaro, ya sami hanyar da zai faɗi gaskiya ta bayan gida, ba zan kira shi munafuki ba. Wata biyar da fara shirin ya kawo labarin unguwar Maple, inda wuta ta ɗauke maƙwabta suka fara zargin juna har aka harbe ɗaya, duk wanda ya rayu zamanin Sanata McCarthy, mai farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci, ya san da wa ake. A 1960 ɗin kuma ya yi kashi guda da manyan 'yan wasansa baƙaƙe ne, Ivan Dixon a matsayin ɗan dambe, a lokacin da ba a saba ganin haka ba.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya yi muku albarka, muhawara ta yi daɗi. Ku bambanta abu biyu. Akwai wanda aka tilasta wa faɗin abin da bai yarda da shi ba, akwai mai umartar mutane da alheri yana manta kansa, wanda Suratul Baƙara aya ta 44 ta yi magana a kai. Na biyun shi ne abin tsoro gare mu duka, har da mu masu zaman yanke wa matattu hukunci a waya.

Akwai kashin Serling na 1962 da nake so ku gani, Four O'Clock. Wani Oliver Crangle ne, aikinsa tara fayil a kan mutanen da ya yanke cewa miyagu ne, yana buga waya wuraren aikinsu don a kore su. Matar wani likita ta zo har ɗakinsa tana roƙo ya ƙyale mijinta, ya ƙi. Ya ƙudurta cewa da ƙarfe huɗu na yamma duk mugun da ke duniya zai ƙanƙance ya koma tsawon ƙafa biyu, don a gane su. Huɗu ta buga, shi ne ya kasa kai hannu bakin taga. Laifi tudu ne. Kuma irin Crangle ba ƙirƙira ba ce: a 1950 an buga wani ɗan littafi, Red Channels, da sunaye 151 na 'yan rediyo da talabijin da ake zargi da kwaminisanci, da yawansu suka rasa aiki ba tare da sun ga kotu ba.

Alƙalami_Ja:
A wannan gaɓar Hitchcock ya yi abin yabo. Ɗan wasa Norman Lloyd na cikin waɗanda aka daina ba aiki saboda irin wannan zargi. A 1957 Hitchcock ya dage sai an ɗauke shi mataimakin mai shiryawa duk da an nuna masa akwai matsala, kuma aka ɗauke shi.

Maman_Ilham:
A faɗi ɗaya gefen kuma. 'Yar wasa Tippi Hedren, wadda ta yi masa finafinai biyu, ta rubuta a littafin tarihinta na 2016 cewa ya neme ta da abin da bai dace ba, da ta ƙi ya riƙe kwantiraginta ya daƙile mata aiki. Ya rasu tun 1980, bai amsa ba, wasu da suka yi aiki da shi sun musa. Amma ni mace ce, ba zan ji wannan in wuce kamar ban ji ba.

Dalibin_Lauya:
Gaskiya ne Anti, a faɗe shi a matsayin zarginta. Sai dai halin mai shiri daban, tambayar da aka yi daban.

Sarkin_Kallo:
Na gode ƙwarai. Bayan duk wannan, ga inda nake. Na yarda babban laifin na tashoshi da masu talla ne, maganar Till ta rufe wannan. Amma ban sauke Hitchcock ba. Serling an matsa masa ya nemi hanyar faɗin abin da ya yarda da shi. Hitchcock an matsa masa ya mayar da matsin abin nishaɗi, kowa ya ci riba, ba abin da ya sauya.

Bakatsine77:
Ban yarda ba, Sarki. Shekara goma yana nuna wa mutane cewa hukuncin da ake ba su a talabijin na saye ne. Wanda ya kalli haka ba zai sake yarda da ƙarshen da aka liƙa ba. Kuma ka sake duba kashin farko. Kafin ya buɗe baki an riga an hukunta mijin: fuskarsa a mota lokacin da matar ta nuna mutum na biyu. Ɗaurin da aka ambata daga baya bai kai wannan ba.

BaGobiri:
To shi baƙon da aka kashe a ɗakin otal fa, wanda ko sunansa ba mu ji ba? Duk muna maganar mijin da matar. Har yanzu ba wanda ya amsa mini ta Bemis kuma.

Dattijo_Damagaram:
Ta Bemis ni ma ba ta kwanta mini ba. @Malam_Na_Zaure, in ka dawo daga masallaci ina son jin ta bakinka a kanta.